Me ya sa kullum sai da tsakar dare ake neman jini?

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na unguwa, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na abokan kasuwa, ya san irin saƙon nan. Yawanci da dare yake shigowa: ana neman jini rukuni kaza cikin gaggawa, mace ce ta haihu jini ya ɓalle mata, ga sunan asibiti, ga lambar waya, don Allah a tura gaba. Kuma tsakani da Allah mutane suna tashi. Sai ka ga saurayi ya bar shimfiɗarsa ya hau babur ya je ya ba da jini ga matar da bai taɓa gani ba, ya dawo ko kuɗin mai bai karɓa ba. Shi ya sa idan na ji jami'i a rediyo yana cewa matsalarmu rashin wayewa ce, ko mutane na rowar jininsu, sai in ga a baibai ya ɗauki zancen. Abin da saƙon yake tonawa shi ne, a daidai lokacin da matar nan take buƙatar jini, ko dai firjin asibitin wayam yake, ko kuwa akwai jinin amma ba za a fito da shi ba sai an kawo madadinsa.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ba shi da wuya. Idan mutum goma cikin kowane dubu suna ba da jini a shekara, ƙasa za ta iya biyan buƙatarta ta yau da kullum. Najeriya ta haura mutum miliyan 200, wato tana neman ledar jini miliyan 2 ke nan a shekara ko kusa da haka. Jami'an hukumar jini ta ƙasa sun sha faɗin cewa abin da ake tarawa bai wuce wajen leda 500,000 ba. Kuma ko a cikin wannan ɗin, kaɗan ne ya fito daga wanda ya je da ƙafarsa ya bayar don Allah ba tare da ya san wanda za a sa wa ba. Mafi yawansa jinin dangi ne da aka tara cikin tashin hankali, sai kuma jinin da aka saya a ɓoye.

A ƙasashen Turai tsofaffi da masu ciwon daji da waɗanda ake yi wa manyan ayyukan tiyata ne suka fi shan jinin da ake tarawa. Mu a nan mata masu haihuwa ne da ƙananan yara. A ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020, mata wajen 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka rasu a duniya ta wannan hanya, kuma zubar jini na sahun gaba a cikin dalilan. Wanda bai taɓa tsayawa ƙofar ɗakin haihuwa ba ba zai gane saurin abin ba. Idan ciki ya kai wata tara, fiye da rabin lita na jini ne ke ratsa mahaifa a kowane minti. In an haihu, mabiyiya ta fita, mahaifar ta ƙi tsukewa, wannan hanyar a buɗe take. Mace lafiyayya da ta shigo asibiti da ƙafarta tana iya cikawa cikin awa biyu. To ina ga wadda ta yi goyon cikin da tuwo da miyar kuka, ba ta je awo ba, ta shigo naƙuda tafin hannunta fari fat?

An samu ci gaba ta wannan fuska, kuma da hannun 'yar gida. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023. Wata shimfiɗar leda ce mai ma'auni ake sa wa mai jego a ƙarƙashinta, ungozoma ta ga adadin jinin da ya zuba da idonta maimakon kintace, da ya kai iyaka a haɗa mata duk matakan tsayar da jinin lokaci guda, ba a tsaya gwada wannan a jira a gwada wancan ba. Hakan ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Amma ragewa ya yi. Wadda aka kwaso daga ƙauye a bayan a-kori-kura bayan ta kwana tana zuba, ba abin da zai tashe ta sai ƙarin jini.

Bayan mata sai yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, waɗanda ke cika ɗakunan kwanciya daga tsakiyar damina zuwa kaka. Sai masu amosanin jini, da ake haifar kimanin 150,000 a kowace shekara a Najeriya, waɗanda wasunsu ƙarin jini ya zame musu abokin rayuwa. Sai haɗuran hanya, sai waɗanda harsashin 'yan bindiga ya samu.

Ga yadda daren yake kasancewa a yawancin asibitocinmu. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Malam, kai ne mijinta? Sai an ƙara mata jini, leda biyu. Maza kai wannan takardar ɗakin gwaji." A can a ce masa akwai rukuninta, amma sai ya kawo mutum biyu a ɗiba a mayar da gurbi. Ya fito waje ya buga waya: "Yaya, don Allah ka taso da yaran gida, an ce sai an ƙara mata jini." Kafin su samo abin hawa awa guda ta wuce. Su iso su uku. Na farko a soki yatsarsa a ce jininsa bai kai ba. Na biyu a ce masa yana da ciwon hanta, abin da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, a ƙarfe biyun dare, a tsaye a baranda, babu mai zaunar da shi ya yi masa bayani. Na uku ne kawai aka ɗiba. Saura leda ɗaya. A nan ne wani da tun ɗazu yake zaune kan benci yana kallonsu zai matso ya rage murya: "Alhaji, wane rukuni ake nema? Akwai yaro, in an daidaita yanzu zai zo." A daidaita. Yaro ya zo, a shiga da shi, a ce wa ma'aikaci, "Ƙanena ne."

Asibiti ba don mugunta yake yin haka ba. Ya san in ya fitar da leda bai karɓi madadi ba, gobe ba shi da abin ba wata. Amma wannan tsari na kawo-naka-a-ba-ka ya koya wa jama'a wani darasi, kuma sun haddace shi: jininka ajiya ce ta iyalinka. Je ka tambayi magidanci mai mata da ciki me ya hana shi zuwa gangamin ba da jini, zai ce maka, in na bayar yau, wata mai zuwa ta zo haihuwa aka ce a kawo, wa zan nemo? Ba jahilci ba ne wannan, lissafi ne, kuma daidai yake a cikin tsarin da aka ɗora shi a kai. Haka kowa ke riƙe nasa, firji ya zauna babu komai, asibiti ya ƙara tsananta sharaɗin madadi, mutane su ƙara riƙewa.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Kafin a ɗebi jinin mutum akan yi masa tambayoyi game da lafiyarsa da mu'amalarsa, kuma waɗannan tambayoyi su ne matatar farko. Wanda ya zo don kansa ba shi da dalilin yin ƙarya. Amma ƙanin da yayansa ke tsaye a bayansa, matar yayan tana kwance rai a hannun Allah, ta yaya zai buɗe baki ya ce akwai abin da yake tsoro a jikinsa? Mai sayarwa kuwa gaskiya asara ce a wurinsa, kuma yakan zagaya asibitoci ya bayar a nan ya bayar a can kafin jikinsa ya mayar, har ledar tasa ta zama ruwa-ruwa. Za a ce ai ana gwaji. Ana yi: ƙa'ida ita ce a binciki kowace leda don ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da na C, da tunjere. Sai dai akwai tazara tsakanin shigar cuta jiki da lokacin da gwaji zai iya ganinta, makonni ne, kuma da irin ɗan gwajin nan na nan-take da ƙananan asibitoci suka dogara da shi tana iya kaiwa wata uku. A ƙasar da binciken gwamnati na 2018 ya nuna kusan mutum takwas cikin kowane ɗari na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wannan ba ƙaramar kafa ba ce. Shi ya sa duk duniya aka yarda cewa jinin da ya fi aminci shi ne na mutumin da ke bayarwa kyauta a kai a kai, wanda an gwada shi sau da yawa an san shi.

Akwai ma abin da zai ba mutane da yawa mamaki: jinin na-jiki ba shi ne ya fi dacewa ba. Likitocin jini ba sa son a sa wa mace mai sauran haihuwa jinin mijinta kai-tsaye, domin jikinta na iya ƙera garkuwa a kan wasu alamomin da ke jinin mijin, idan ta sake ɗaukar ciki jaririn ya gado su, garkuwar ta far wa jininsa. Haka jinin uba ko ɗa ko ɗan'uwa shaƙiƙi yana da nasa haɗarin, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru da wuya a tsira. Wato abin da muke ɗauka ƙololuwar zumunci, a likitance bare ya fi shi. A Legas har kotu aka je kan tilasta wa mazaje ba da jini kafin a karɓi matansu awo a asibitocin gwamnati, kuma a 2020 babbar kotun jihar ta ce hakan ya saɓa wa doka. Hukuncin ya yi daidai, amma bai ƙara ko leda ɗaya a firji ba.

Idan ana son mutane su fito, sai a amsa tambayoyin da suke yi da gaske, a daina yi musu wa'azin da ba su nema ba. Ta farko ita ce, "ni da nawa bai ishe ni ba." Baligi yana da wajen lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba kuwa mililita 450 ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin cikin 'yan makonni. Namiji kan iya sake bayarwa bayan wata uku, mace bayan wata huɗu, muddin mutum ya kai shekara 18, bai wuce 65 ba, kuma nauyinsa ya kai kilo 50. Mu da muka gaji ƙaho, mutum ya zauna gaban wanzami ya tsattsaga masa baya ya zuƙe jini ya zubar a ƙasa, ya biya kuɗi ya tashi yana cewa ya ji sakayau, bai kamata allura guda da kwanciyar minti goma su firgita mu ba. Amma kada a yi wa mai wannan magana dariya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Lebura da ya wuni yana dakon siminti a kan koko da ƙosai, in ya ce jininsa bai isa ba, wataƙila gaskiyarsa ce, kuma awon da ake yi kafin ɗiba shi zai raba gardama. Maltina da madarar da ake miƙa wa wanda ya bayar kuwa ruwa ne da sukari, suna hana jiri, amma ba su ke mayar da jini ba. Wannan aikin cin hanta ne da nama da wake da zogale da alayyafo.

Tambaya ta biyu ta fi ciwo, kuma ita jami'ai suka fi kauce wa: "mu ba su kyauta su sayar." Mutum ya ba da jini a gangami ya karɓi 'yar riga, bayan wata biyu mahaifiyarsa ta kwanta, a ce ya biya dubbai kafin a sa mata leda guda, har ma ya kawo madadi. Wane bayani za ka yi masa? Bayanin yana nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin jini, kuma abin da asibiti ke karɓa a ƙa'ida kuɗin ledar ce da kayan gwaje-gwajen nan huɗu, da gwajin rukuni, da gwajin dacewa tsakanin jinin mai bayarwa da na majinyaci, da firjin da dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 6 dare da rana a ƙasar da wuta sai ta ga dama, ga dizal. Duk gaskiya ne. Sai dai ba a taɓa rubuta masa wannan a bango ya gani ba, farashin ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti, kuma da idonsa ya ga mutumin kan benci yana gaisawa da wasu ma'aikata. A ganina nan ne gwamnatocin jihohi ya kamata su sa kuɗinsu, ba a kan allunan talla ba. A ɗauke wa mai haihuwa da yaro ƙarami da mai amosanin jini kuɗin aikin jini gaba ɗaya, a manna farashin sauran a ƙofar ɗakin gwaji, sannan wanda ya riƙe katin bayarwa a kai a kai a daina tambayarsa madadi idan nasa ya kwanta. Ranar da katin nan ya yi wa mutum ɗaya aiki a unguwa, labarinsa zai riga kowace sanarwa isa majalisar shayi.

Akwai masu tsoron abin da gwaji zai nuna, kuma ganin yadda ake faɗa wa mutane sakamako a baranda, suna da hujja. Ɗaki mai ƙofa da ma'aikaci mai riƙe sirri sun isa su rage wannan. Zancen cewa ana kai jinin wurin matsafa kuwa, inda ba a ganin yadda abu ke tafiya ne jita-jita ke yin ƙiba.

Ta fuskar addini ba a bar mu cikin duhu ba. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta ce wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, kuma malaman zamani sun halatta ƙarin jini saboda lalura. Abin da aka hana shi ne cin kuɗinsa, domin ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kuɗin jini. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta kuma yi bayanin cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi, tambayar da takan hana wasu sakewa, kuma wanda ya rasa mai ba shi kyauta ya biya don ceton rai, laifin yana kan mai karɓa. Inda gizo ke saƙa shi ne watan azumi: masu bayarwa su ragu ƙwarai, alhali naƙuda da haɗarin mota ba su san an ga wata ba. Ba sai an shiga saɓanin malamai kan ɗibar jini da rana ba. Bayan an sha ruwa an yi asham, harabar masallaci cike take da matasa ƙosassu masu neman lada. Gadaje huɗu da ma'aikata da akwatin sanyi ake buƙata, da limamin da zai fara miƙa nasa hannun.

Abin da ya fi wuyar fahimtarwa shi ne cewa tausayi na lokaci guda, duk yawansa, ba ya cika firji. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, da aka kai hari Babban Masallacin Kano aka kashe mutane fiye da ɗari, asibitocin birnin sun yi kiran a kawo jini, kuma jama'a sun amsa. Allah ya saka musu. Amma waɗanda aka shigar ɗakin tiyata a awa ta farko, jinin da wani ya bayar tun kafin ranar ne ya riƙe su, domin sabon jini sai an gwada shi an tantance. Amurka ta ga ɗaya gefen matsalar bayan harin 11 ga Satumban 2001: mutane suka yi dogayen layuka, aka tara leda dubu ɗaruruwa fiye da yadda aka saba, alhali jinin da waɗanda suka jikkata suka buƙata kaɗan ne ƙwarai, daga baya aka zubar da mai yawa. Jini ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Jajayen ƙwayoyi kwana 35 zuwa 42 suke yi a firji, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare kwana 5 kacal. Ruwan jinin ne aka saba daskarar da shi ya shekara, shi ma sai inda ake da injin rarrabewa da wutar da ba ta yankewa. Saboda haka mutum ɗari da za su riƙa zuwa sau uku a shekara sun fi wa asibiti amfani a kan dubu da za su zo rana ɗaya su ɓace.

An yi doka a 2021, zamanin Shugaba Buhari, da ta kafa hukumar jini ta ƙasa da ikon sa ido kan duk wuraren ajiye jini. An kawo jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline, waɗanda suka fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda a 2016, suka shiga Ghana a 2019, daga baya suka iso Kaduna. Duk abin so ne, sai dai jirgi abin da aka ajiye yake ɗauka. Aikin da ya rage ba shi da ƙyalƙyali: rajista mai sunaye da rukuni da lambar waya, da ma'aikacin da aikinsa kawai ya kira mutane. Wannan ya fi matsawa ga masu rukunin da ake ce wa negatif, waɗanda a ƙasar nan ba su wuce wajen mutum biyar cikin ɗari ba, kuma da yawansu ba su ma san suna da shi ba sai ranar da aka kwantar da su.

Kowace shekara ranar 14 ga Yuni ana bikin masu ba da jini na duniya, ranar haihuwar Karl Landsteiner, likitan Ostiriya da ya gano rukunonin jini a farkon ƙarni na 20. A yi tattaki, kwamishina ya yi jawabi, ɗalibai da sojoji su ba da jini, a ɗauki hotuna. Amma a duba kalanda. Ledar da aka ɗiba ranar 14 ga Yuni ta gama aiki kafin ƙarshen Yuli, alhali cunkoson yaran da zazzaɓi ya ƙarar wa jini a Arewa daga Agusta zuwa Oktoba yake. Saurayin da ya bayar a ranar bikin kuwa, a tsakiyar Satumba wata ukunsa ke cika, daidai lokacin da ake kwantar da yara biyu-biyu a gado ɗaya. Zai iya sake bayarwa a makon, idan akwai wanda ya rubuta lambarsa a watan Yuni kuma ya tuna ya kira shi.